CINIKIN BIRI A SAMA: Rigimar Masu Jari A Kan Takardar Gwajin Zinariya

Daga Wakilinmu a Yola

Duk wanda ya saba zama a rumfunan 'yan kasuwar Jimeta ya san cewa a 'yan shekarun nan hira ba ta tsaya ga farashin masara da shanu da kifin Binuwai kaɗai ba. Maganar ma'adinai ta shigo cikin zance. Tun lokacin da labarin zinariyar Zamfara ya game ƙasa, sa'an nan cikin 2014 aka yi rububin Jado a arewacin Jamhuriyar Nijar, ga kuma ramukan Betare-Oya a gabashin maƙwabciyarmu Kamaru, mutane da yawa masu ɗan abin hannu sun fara tunanin sa kuɗinsu a cikin ƙasa.

Yadda abin yakan faru sananne ne. Wani zai zo wa ɗan kasuwa da ɗan dutse mai ƙyalli a ƙunshe cikin leda, da takarda mai hatimi, ya ce, "Alhaji, ga abin da gwaji ya nuna. Wuri muna da shi, ma'aikata muna da su, injin niƙa da na jan ruwa kawai suka rage." Alhaji ya dubi lambobin da ke takardar, ya kira abokai biyu ko uku, a haɗa jari. Bayan wata shida an niƙa buhu ɗaruruwa, abin da ya fito bai biya kuɗin man inji ba. Sai masu jari su ɗebi dutse su kai wani wurin gwajin, takarda ta biyu ta fito da lamba dabam. Daga nan sai zargi. Masu kuɗi su ce an cuce su, mai rami ya rantse cewa shi bai taɓa takarda ba, abokantakar shekara ashirin ta ƙare a ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali.

Abin da ya sa irin wannan rigima take da wuyar rabuwa shi ne, sau da yawa dukkan takardun biyu gaskiya suka faɗa. Ɗakin gwaji ba ya auna rami, ba ya auna tsauni. Abin da aka miƙa masa a leda shi yake aunawa. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai jari tun kafin ya fitar da ko sisi ita ce: wa ya ɗebo dutsen nan, daga ina ya ɗebo shi, kuma a hannun wa ya kwana kafin ya isa wurin masu gwaji?

ABIN DA TAKARDAR KE FAƊA

Da farko ya kyautu mai karatu ya san ma'anar lambar da ake nuna masa. Masu gwaji suna faɗar yawan zinariya ne da giram a cikin kowane tan na dutse, watau kilo 1,000. In takarda ta ce giram 5 a tan, to, ma'anarta buhun dutse mai kilo 50 yana ɗauke da rubu'in giram ɗaya tak. Wannan kuwa ba ƙaramin arziki ba ne a wurin manyan kamfanoni. Mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda kamfanin Thor Explorations ya fara fitar da zinariya daga cikinta a 2021, an gina ta ne a kan dutsen da aka ƙiyasta yana da kimanin giram 4 a tan. To, in wani ya kawo maka takarda mai cewa duk filinsa giram 60 ne ko 80 a tan, sai ka tambayi kanka dalilin da ya sa irin wannan garaɓasa ta tsallake kowa ta zo rumfarka.

Hanyar gwajin da duniya ta fi amincewa da ita tsohuwa ce ƙwarai, ita ce gwajin wuta. Ana busar da dutsen, a farfasa shi, a niƙe shi ya yi laushi kamar garin alkama. Daga cikin garin sai a ɗebi giram 30 ko 50 kurum, a gauraya da garin dalma da wasu sinadarai masu taimakon narkewa, a sa a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,000. Dalmar in ta narke takan tattaro duk zinariya da azurfar da ke ciki ta kwanta da su a gindin tukunya. Sai a ɗauki wannan curin dalma a sa shi cikin wani ɗan kasko da ake yi da tokar ƙashi ko makamancinta, a mai da shi wuta. Kaskon ya shanye dalmar, ya bar ɗan ɗigo wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba. Wannan ɗigon ne ake raba azurfarsa da asid, a auna abin da ya saura, a yi lissafi, a rubuta lamba a takarda.

Mai karatu ya lura da wannan: filin da ake neman miliyoyin Naira a kansa, hukuncinsa ya rataya ne a kan garin da bai cika tafin hannu ba. Ga kuma lissafin da ya kamata kowane mai jari ya haddace. In ƙwayar zinariya mai nauyin miligiram ɗaya, watau kashi ɗaya cikin dubu na giram, ta faɗa cikin garin nan mai giram 50, takarda za ta nuna giram 20 a tan. Ƙwayar da da ƙyar ido zai gan ta ta isa ta mai da dutsen banza ya zama ya fi na Segilola sau biyar a kan takarda.

INDA SAƁANI KE FITOWA

Ba kowane saɓani ne yake da nasaba da ha'inci ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Na farko, zinariya ba ta bazu a dutse kamar gishiri a miya ba. Takan taru ne jefi-jefi, ƙwaya nan, ƙwaya can. Ana iya raba dutse guda biyu, ɓari ɗaya ya nuna giram 30, ɗayan ya nuna giram ɗaya, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Masana sun san wannan matsala, shi ya sa ba su yanke hukunci da samfur ɗaya ko biyu, sai ɗaruruwa ko dubbai.

Na biyu, akwai son zuciya irin na ɗan Adam wanda bai kai a kira shi sata ba. Mahaƙin da ya yi wata uku cikin rami, in aka ce ya kawo samfur, ba zai ɗauko dutsen da ya fi muni ba. Zai zaɓo wanda ya fi kyau ne daga tsakiyar jijiya, kamar yadda mai tumatir ke ɗora manya a saman kwando. Gwaji zai faɗi gaskiyar wannan dutsen, amma jijiyar wataƙila faɗinta bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma kafin a same ta sai an kwashe tan goma na dutsen da ba kome a cikinsa.

Na uku, akwai bambancin na'ura. Yanzu ana yawo da wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ake ɗora wa dutse ta fitar da lambobi nan take. Tana da amfani wajen duba sarƙa ko zobe ko curin da aka riga aka narke, ko da yake a nan ma fatar waje take karantawa. Amma a kan ɗanyen dutse mai giram biyu ko biyar a tan, ba abin dogaro ba ce, don wasu ma'adinan da kan zauna tare da zinariya suna rikita ta, ta nuna abin da babu. Haka kuma akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ƙyalli wanda masana ke kira fairait, ƙarfe ne da farar wuta, ya sha ruɗin baƙin shiga sana'ar.

Na huɗu, abin da ke cikin dutse dabam, abin da za a iya fitarwa dabam. Gwajin wuta yana ƙwato kusan duk zinariyar da ke cikin samfur. Amma mai niƙa da injin ƙauye, yana wankewa a kan buhu ko darduma, yana kamawa da zaiba, sau da yawa ko rabin abin da ke ciki ba ya samu, sauran yakan bi ruwa da dusar dutse. Sai mai jari ya yi lissafi da lambar takarda, ya ga abin da aka kawo masa bai kai ba, ya ce ma'aikata sun sace. Wani lokaci sun sata ɗin, wani lokaci kuwa zinariyar tana nan zube a tulin dusa.

Na biyar shi ne ha'inci tsagwaronsa, watau a barbaɗa wa samfur garin zinariya kafin a kai shi gwaji, ko a ƙirƙiro takardar ma gaba ɗaya. Wannan dabara ba yau aka fara ta ba, kuma ba ƙananan mutane kaɗai ta ci ba.

ABIN DA YA FARU A JAMA'A DA BUSANG

Tun farkon zamanin Turawa an taɓa cin kuɗin masu jari da sunan ƙasar Arewa. A lokacin rububin kuza na ƙasar Jos da kewaye, cikin 1912, wani kamfanin Ingila mai suna Anglo-Continental Mines ya ba da labarin cewa ya gano wata babbar jijiyar kuza a ƙasar Jama'a, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Farashin hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar London, mutanen da ba su san ko ina Jama'a take ba suka yi ta saye. Da aka sake dubawa sai aka tarar jijiyar ba ta kai abin da aka yayata ba, farashi ya rikito, waɗanda suka saya a ƙarshe suka kwana ciki.

Amma babbar damfarar da har yau ake ba da misali da ita a makarantun koyon ilmin ma'adinai ita ce ta Busang, wani daji a tsibirin Borniyo na ƙasar Indunisiya. Cikin 1993 wani ƙaramin kamfanin Kanada mai suna Bre-X, wanda David Walsh yake shugabanta, ya sayi izinin bincike a wurin bisa shawarar wani masanin duwatsu, John Felderhof. Mai kula da aikin a daji shi ne Michael de Guzman, mutumin Filifin. Aka shiga huda ƙasa da injuna irin na rijiyar burtsatse, ana zaro sandunan dutse ana aikawa gwaji, sakamako kuwa kullum sai ƙara kyau yake yi. Ya zuwa farkon 1997 kamfanin yana cewa akwai oza miliyan 71 na zinariya a wurin, kowace oza kuwa giram 31 ce da 'yan kai. Hannun jarin da a da ake sayarwa a kan 'yan kwabbai ya hau har darajar kamfanin ta wuce dalar Kanada miliyan dubu 6.

Asiri ya tonu ne sa'ad da wani babban kamfanin Amurka, Freeport-McMoRan, ya yarda zai shiga aikin, amma ya ce sai ya haƙa nasa ramukan a gefen na Bre-X, ya ɗebi samfur da hannun ma'aikatansa. Ran 19 ga Maris, 1997, de Guzman yana kan hanyarsa ta zuwa ganawa da mutanen Freeport sai aka ba da labarin ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu. Mako guda bayan haka Freeport ya sanar cewa zinariyar da ya gani a nasa samfurin ba ta taka kara ta karya ba. Nan fa masu jari suka rabu biyu, wasu suna cewa Freeport ne yake son karya farashi don ya saye wurin da araha. Sai aka kira wani kamfani mai zaman kansa, Strathcona, ya yi gwaji na uku. Cikin watan Mayu ya ba da rahoto cewa babu zinariyar kirki a Busang, barbaɗa ta aka yi ta yi wa samfur shekara da shekaru.

Abubuwa biyu ne a wannan labari suka shafi ɗan kasuwar Jimeta kai tsaye. Na ɗaya, ɗakin gwajin da Bre-X yake kai samfur bai yi ƙarya ba, abin da aka kawo masa ya auna. Ɓarnar an yi ta ne a hanya, tsakanin daji da ɗakin gwaji, inda buhunan samfur suke yada zango a hannun mutanen kamfanin. Na biyu, al'adar masu wannan aiki ita ce a tsaga sandar dutse biyu, a kai rabi gwaji, a ajiye rabi don mai son tabbatarwa daga baya. Bre-X kuwa niƙe kusan dukkanta yake yi, ba ya barin abin da wani zai sake aunawa. Da aka sa ƙwayoyin zinariyar a madubin ƙara girma sai aka ga gefensu a goge yake irin na zinariyar rafi wadda ruwa ya daɗe yana mirginawa, ba irin ta cikin dutse ba. Ashe a wurin masu wanke yashi na yankin ake sayenta.

Waɗanda suka yi hasara ba jahilai ba ne. Har asusun fanshon malaman makaranta na lardin Ontariyo ya yi asarar kimanin dalar Kanada miliyan 100. Walsh ya mutu a 1998, Felderhof kuwa kotu ta sallame shi a 2007 daga tuhumar da aka yi masa, ba wanda ya shiga kurkuku. Abin da ya fito daga ciki shi ne wata doka da Kanada ta fara aiki da ita a 2001, wadda ta hana kamfani ya sanar wa masu jari sakamakon gwaji sai wani ƙwararre mai rajista ya sa hannu, ya kuma bayyana yadda aka ɗebi samfur da yadda aka tsare shi.

RIGIMAR TANZANIYA

Kada a ɗauka kullum ƙara lamba ake yi. Wani lokaci zargin na ragewa ne, don in mai rami yana son lamba ta hau, mai saye da mai biyan haraji so suke ta sauka. Cikin 2017 Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya hana fitar da garin ma'adinin da kamfanin Acacia yake kaiwa waje don tacewa, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Abdulkarim Mruma ya gwada abin da ke cikin kwantena 277 da aka tsare a tashar jiragen ruwa ta Darussalam. Kwamitin ya ce zinariyar da ke ciki ta ninka abin da kamfanin ya bayyana har kusan sau goma. Kamfanin ya ce sam wannan lissafi ba zai yiwu ba, ya nemi a kawo masu gwaji na waje waɗanda ba ruwansu da kowa. A rana ɗaya hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari a London, ministan ma'adinai ya rasa kujerarsa, daga baya kuma gwamnati ta aika wa kamfanin takardar haraji da tara ta dala miliyan dubu 190.

Ba a tanderu aka kashe wannan rigima ba, a teburin sulhu aka kashe ta. Uwar kamfanin, watau Barrick, ta saye sauran hannun jarin Acacia a 2019, ta yarda ta biya dala miliyan 300, gwamnati ta sami kashi 16 cikin ɗari na mahaƙan, aka sa hannu a watan Janairun 2020. Kusan shekara uku aka ɓata, domin ɓangarorin biyu ba su da wani mai gwaji na uku da dukkansu suka amince da hukuncinsa tun kafin faɗa ya tashi.

MALAMAI DA DOKAR ƘASA

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga malamanmu. Shari'a ta hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Yola da sauran garuruwan Arewa, an ambaci sharar maƙerar maƙerin zinariya cikin abubuwan da cinikinsu bai inganta ba, saboda ba wanda ya san abin da ke cikinta, amma an sassauta game da ƙasar mahaƙar zinariya ko azurfa. Masu sharhi sun ba da dalili cewa ita ƙasar mahaƙa masana suna iya dubanta su ƙiyasta abin da ta ƙunsa. Ke nan halaccin cinikin ya jingina ne ga samun hanyar sanin abin da ake saye. In hanyar sanin ta lalace, an koma cinikin biri a sama.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya suna hannun Gwamnatin Tarayya ne, kamar yadda Tsarin Mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 suka tanada. Yardar mai gona ko ta dagaci, ko da tana da muhimmanci, ba lasisi ba ce. Ofishin rajistar filayen ma'adinai na Tarayya da ke Abuja shi ke ba da lasisin bincike da na haƙa, har da na ƙananan mahaƙa. Hukumar Binciken Ƙasa da Duwatsu ta Nijeriya tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, akwai kuma majalisar da aka kafa a 1990 don yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista. A nan gida, Jami'ar Modibbo Adama tana da sashen koyar da ilmin duwatsu. Mai jari ba shi da uzurin cewa bai sami wanda zai tambaya ba.

Haka nan in an zo ga zinariyar da aka riga aka narke, awo ne ke yanke farashi. Zinariya tsantsa ita ce karat 24, mai karat 18 kuwa kashi 75 cikin ɗari ce, sauran azurfa ne ko tagulla. Masu saye sukan goga ta a baƙin dutse su ɗiga asid, ko su auna ta a iska su sake aunawa cikin ruwa, don zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, tagulla kuwa ba ta kai sau 9 ba. Amma akwai wani ƙarfe, tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da nata, shi ya sa mai sayen babban curi yakan nemi a huda shi ko a sake narkewa. Ko curin kilo 12 da rabi da aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari a watan Yulin 2020, wanda Babban Bankin Nijeriya ya saya a kan Naira miliyan 268, sai da aka tace shi ya kai ma'aunin da kasuwar zinariya ta London ta amince da shi.

KAFIN A FITAR DA KUƊI

Daga waɗannan labarai ana iya tsamo 'yan ƙa'idoji da ba su fi ƙarfin ƙaramin mai jari ba. Da fari, kada ya gina lissafinsa a kan takardar da mai neman kuɗinsa ya kawo. Ya ɗauki nasa masanin mai rajista, wanda shi zai biya, wanda kuma ba shi da kaso a ramin, su je wurin tare. Gani ya kori ji.

A ɗebi samfur da yawa, daga wurare dabam-dabam, ana yankowa daga wannan gefen jijiya zuwa wancan, har da dutsen da ke maƙwabtaka da ita, ba tsintar masu ƙyalli ba. A farfasa kowane samfur a gauraya, a raba shi uku a gaban kowa, a ɗaure, a sa lamba da hatimi. Kashi ɗaya na mai jari, ɗaya na mai rami, na uku a ba wani amintacce ya ajiye. Kada buhun samfur ya kwana a ɗakin wanda zai amfana in lamba ta hau.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da manyan kamfanoni ke yi. Cikin ledojin da za a kai gwaji, a saka ɗaya ko biyu na dutsen da aka tabbata ba kome a cikinsa, a kuma raba wani samfurin biyu a ba shi lamba biyu, ba tare da an gaya wa kowa ba. In dutsen banza ya dawo da zinariya, an san akwai hannu a ciki ko kuwa kayan aikin masu gwajin ba su da tsabta. In tagwayen nan suka dawo da lambobi masu nisa da juna, an san samfur kaɗan ba zai wadatar ba. Takarda kuma a karɓo ta daga ɗakin gwaji kai tsaye, a tabbata ta faɗi irin gwajin da aka yi.

Sa'an nan kafin a sayi manyan injuna, a gwada niƙa tan ɗaya ko biyu da irin kayan aikin da za a yi amfani da su, mai jari ko wakilinsa yana tsaye tun daga rami har zuwa sikeli. Abin da ya fito a nan shi ne abin lissafi. A kuma roƙi masu gwaji su duba dalma. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana cike da gubar dalma. Wanda kuɗinsa ya sayi injin niƙa yana da alhakin sanin abin da injin yake tayarwa.

Daga ƙarshe, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda addini ya yi umurni a harkar bashi, a kuma sa sharaɗi a cikinta tun ana dariya: in takardu biyu suka saɓa, ga sunan ɗakin gwaji na uku da za a kai kason nan da aka ajiye, hukuncinsa kuwa ya hau kan kowa. Mai ramin da yake da gaskiya ba zai ƙi ta ba, don shi ma kariya ce gare shi daga zargin sata. Wanda kuwa ya ce ba lokaci, wai wani Alhaji yana jira da kuɗi a hannu, to, a yi masa fatan alheri, a bar wa wancan Alhajin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.